Amsoshin Wasiƙunku: Ina Zan Sauka A Zanzibar, Me Kuma Zan Je In Gani?

Wasiƙarmu ta yau ta fito ne daga wani manomi kuma ɗan kasuwar riɗi daga ƙasar Gumel, wanda ya roƙi a sakaya sunansa. Ya ce bana Allah Ya sa wa amfanin gona albarka, kuma shekara ashirin ke nan yana yi wa uwargidansa alkawarin zai kai ta ta ga teku. Wani dillalin tafiye-tafiye ya nuna masa hoton wani otal a Zanzibar, ga farin yashi, ga itatuwan kwakwa, ya ce ya biya kuɗin kwana bakwai nan take kafin ɗakuna su ƙare. Shi ne yake tambaya, ya biya ko ya dakata?

To Alhaji, mun gode da wannan wasiƙa, Allah Ya ƙara arziki. Amsa a taƙaice ita ce ka dakata. Ba a sayen sa da ganin hotonsa, haka ma masauki.

Da farko, ita Zanzibar tsibirai ne a tekun Indiya, cikin ƙasar Tanzaniya, tun haɗewar da suka yi da Tanganyika a 1964. Manyan su ne Unguja da Pemba, kuma Unguja ce baƙi suka fi zuwa. Galibin mutanen Musulmi ne, harshensu Suwahili, wanda za ka ji kalmominsa da dama sun yi kama da namu don duk mun aro daga Larabci: asubuhi ita ce asuba, sabuni sabulu, habari labari. Jirgin saman Habasha yana tashi daga Kano zuwa Adis Ababa, daga can a canza zuwa Zanzibar.

Dalilin da ya sa na ce ka dakata shi ne biza. 'Yan Nijeriya suna cikin waɗanda Tanzaniya ba ta ba su biza a filin jirgi, sai an nema tun daga gida an jira amincewar hukumar shige da fice ta can, kuma abin yakan ɗauki makonni. In ka biya otal kuɗin da ba a mayarwa, bizar ta makara, to riɗinka ya tafi ke nan. Biza tukuna. Sa'an nan katin allurar rigakafin shawara na kowannenku, kana kuma inshorar da gwamnatin Zanzibar ta wajabta wa kowane baƙo tun daga watan Oktoba na 2024, dala 44 ga babban mutum.

Sai lokacin tafiya. Littattafan yawon buɗe ido za su ce maka Yuni zuwa Oktoba ya fi, don babu ruwan sama kuma akwai ɗan sanyi. Gaskiya ne, amma waɗanda suka rubuta ba su da gona a Gumel. Wa zai bar noma a tsakiyar damina? Maris zuwa Mayu kuwa shi ne babban ruwansu, wanda suke kira masika, mutum sai ya wuni a ɗaki. Ƙarshen Disamba Turawa sun cika ko'ina, kuɗin ɗaki ya hau. Abin da ya dace da kai shi ne tsakiyar Janairu zuwa Fabrairu, an gama kaka, an sayar da kaya. Akwai zafi da gumi, amma mutumin da ya san bazarar Gumel ba zai yi kuka ba. Ka duba dai inda azumi zai faɗo, domin a watan azumi gidajen abinci da yawa na cikin gari a rufe suke da rana.

Yanzu ga maganar masauki, wadda ita ce gundarin tambayarka. Irin otal ɗin da aka nuna maka, mai yiwuwa na bakin teku ne da ake biyan kuɗin komai a haɗe, ci da sha da kwana. Cikin wannan "sha" har da giya, watau za ka biya abin da ba za ka taɓa ba. Ga kiɗa har tsakar dare, ga baƙi da kayan wanka suna kai da komo a gaban Hajiya, kuma daga can zuwa gari tafiyar awa guda ce ko fiye a mota. An gina su ne domin mutumin da yake so ya kwanta a rana ya yi baƙi. Kai ba wannan ya kai ka ba.

Shawarata, ka raba kwanakin nan biyu. Kwana huɗu ko biyar ka sauka a tsohon gari, wanda Turawa ke kira Stone Town, su kuma 'yan gari Mji Mkongwe. Akwai ƙananan gidajen saukar baƙi cikin tsofaffin gidajen fatake, masallaci a kowane lungu, kasuwar Darajani kuma da ƙafa za ka je. Amma ka yi tambayoyi kafin ka biya. Lungunan ƙunci ne da su, mota ba ta shiga, don haka ka tambayi nisan gidan da bakin titi. Benayen masu tsayi ne, matakalarsu a miƙe, in Hajiya na fama da gwiwa ka nemi ɗakin ƙasa. Ka tambaya ko akwai gidan sauro da fanka ko na'urar sanyaya ɗaki, ko banɗaki na cikin ɗaki ne, ko da karin kumallo, ko kuma harajin da ake karɓa kan kowane baƙo a kowane dare yana cikin kuɗin da aka faɗa maka.

Sauran kwana biyu ko uku sai ku koma bakin teku, ka cika alkawari. Nan ma da abin lura, kuma ni kaina na sha shi. Na taɓa kama ɗaki a gabashin tsibirin, na kwanta ina jin ruwa a bakin ƙofa, da hantsi na fito na tarar teku ta janye can nesa, sai taɓo da duwatsu. Na zaci ko wani bala'i ne, ashe haka take yi sau biyu a kowane yini. A garuruwan gabas irin su Paje da Jambiani janyewar da nisa take. A arewa, wajen Nungwi da Kendwa, ruwan bai cika yin nisa ba, sai dai can hayaniya ta fi yawa. Ni dai da gabas zan zaɓa maka, domin in ruwan ya janye za ku ga mata sun shiga gonakinsu na ciyawar teku, wadda suke kira mwani, suna ɗaura ta a igiyoyi tsakanin turaku, su shanya, a saye a fitar waje. Gona a cikin teku, Alhaji, ba taki ba ban ruwa.

Abin da nake ganin zai fi burge ka shi ne gonakin kayan yaji na wajen Kizimbani da Kidichi. Kanumfarin da muke saye a ƙulle, can za ka ga itacensa. Tohon fure ne, ana tsinke shi da hannu kafin ya buɗe, a shanya a tabarma har ya yi duhu. Za ka ga masoro yana hawa jikin itace kamar wake, ka ga kirfa ashe ɓawon itace ce. Ka ba da wuni guda a nan, ka yi ta tambaya. Sai dai na san halin ɗan kasuwa: kada ka fara lissafin buhu. Cinikin kanumfari da fitar da shi yana hannun kamfanin gwamnati mai suna ZSTC, su ke saye daga manoma. Ɗan ƙullin tsaraba ba laifi.

Ban da wannan, akwai dajin Jozani mai jajayen birai, da tsibirin Changuu mai manya-manyan kunkuru, da wurin tsohuwar kasuwar bayi da aka rufe a 1873. Da almuru ku je Forodhani a bakin ruwa ku ci gasasshen kifi da ruwan rake, amma a yi ciniki kafin a ɗora a wuta. Masu tare baƙo a hanya suna cewa za su kai shi yawo, a bar su, a nemi ɗan jagora ta hannun mai masauki.

Abu na ƙarshe, agogo. Suna gabanmu da awa biyu, sa'an nan Baswahile yana fara ƙirgen awoyi daga ƙarfe shida na safe. In direba ya ce zai zo saa mbili, watau ƙarfe biyu, to takwas na safe yake nufi. Ranar komawa filin jirgi ka sa ya nuna maka a fuskar agogo.

A gai da Hajiya. In kun dawo ka rubuto mana yadda kuka samu tekun.