Babur Mai Bin Kwalta da Daji: Jawabin Magatakarda a Bikin Zagayowar Shekara



Kwamiti ya ɗora wa ofishinmu magana a kan babur, wato moto. Mai yiwuwa wani ya ce ranar biki ba ranar maganar taya da sarƙa ba ce. To, mu ne ke riƙe da littafin asusun taimako, kuma idan muka buɗe shafin waɗanda aka agaza wa, maganar babur ce ke ta dawowa. Wannan ya karye a ƙafa, wancan an riƙe masa babur a shinge, wani ya ci bashi ya sayi wanda bai dace da hanyarsa ba, yau babur na jingine a zaure, bashin kuma yana nan. Kuɗin nan na kowa ne, don haka maganar ma ta kowa ce.

Iyayenmu sun ba mu labarin fatake da ke bin hanyar Kano zuwa Gwanja, suna kai kanwa da tufafi, suna dawowa da goron Salaga. Kafin ayari ya tashi, madugu sai ya duba kofaton jaki da bayansa, ya duba akumari, ya ɗaga mangala ya ji ko gefe ɗaya ya rinjayi ɗaya. Wasu daga cikinsu ne suka sauke kaya a nan Wagadugu har aka sami Zangouettin, tsohuwar unguwarmu da aikin ZACA ya tashe ta a 2003. Jakin ya tafi, babur ya maye gurbinsa, amma duba kafin tafiya bai tsufa ba.

Mu fara da tambayar da ya kamata mutum ya yi wa kansa kafin ya je wurin mai sayarwa: ina nake zuwa? Wanda harkarsa ba ta wuce Rood Woko da Sankariaré ba, ƙaramin babur irin su Sirius ya ishe shi, kada ya ɓata kuɗinsa. Wanda yake bin RN5 zuwa Pô, kilomita kusan 145, ya wuce Dakola ya shiga Paga ya dawo, shi ma kwalta yake takawa. Amma da yawanmu ba a kwalta muke cin abinci ba. Sai mun sauka daga babbar hanya mun bi jar ƙasa zuwa kasuwannin ƙauye, inda ake sayen wake, riɗi, man kaɗe da kaji. A nan ne ake buƙatar babur mai iya duka biyun, ya yi gudu a kwalta ba tare da ya gajiyar da mai shi ba, ya kuma shiga gargada da yashi da taɓo ba tare da ya watse ba.

Irin wannan babur ana gane shi da abubuwa kaɗan. Cikinsa ya yi nisa da ƙasa, don kada inji ya daki dutse ko kututture. Ƙafar gaba ta fi ta baya girma. Yamaha XTZ 125, alal misali, ƙafarsa ta gaba inci 21 ce, ta baya 18. Babbar ƙafa takan haye rami, ƙarama kuwa faɗawa take yi. Ƙafafun su kasance masu wayoyi, domin idan janti ya lanƙwashe makaniki zai iya miƙe shi ya ɗaure wayoyin, amma na zubi idan ya tsage sai dai saye. Sannan abin da ke shanye girgiza, gaba da baya, ya zama mai tsawo.

Sunayen da muka sani su ne XTZ 125, da tsohon DT 125, da AG 200 na Yamaha, da XL 125 da XR 150 na Honda. DT yana da tashi da zafin nama, amma injinsa irin mai ƙona baƙin mai tare da fetur ne, yana shan mai, kuma idan aka manta da cika masa nasa man, inji ya kama. AG 200 an ƙera shi ne don manoma da makiyaya na Ostareliya da Niyuzilan. Shi ya sa yake zuwa da wurin ɗora kaya gaba da baya, da murfi da ya rufe sarƙa gaba ɗaya, da ƙafar jingina dama da hagu. Ba shi da gudu, amma ga mai kaya a hanyar ƙura yana da wuyar samun na biyu. Akwai kuma na Indiya irin su Bajaj Boxer da TVS, waɗanda ba na daji ba ne tsantsa, amma suna jure kaya, ba su shan mai, kuma sun fi sauƙin kuɗi. Ga wanda kashi uku cikin huɗu na tafiyarsa kwalta ce, su ma abin dubawa ne.

Ba mu zo tallar kowane kamfani ba. Ma'aunin da muke ba 'yan uwa ɗaya ne: kafin ka biya, je wurin masu kayan gyara na kasuwar Théâtre populaire ka tambayi fiston, sarƙa, buji da takalmin birki na babur ɗin. Sannan ka tambayi makanikin garin da kake zuwa ko ya taɓa buɗe irinsa. Wani ɗan uwanmu ya sayo babba, mai inji da ake sanyayawa da ruwa, kowa ya taya shi murna. Wata 'yar na'ura ta mutu masa a bayan Léo, aka rasa mai ganewa, aka ɗoro shi a kan mota, ya yi wata biyu yana jiran kaya daga waje, lokacin riɗi kuma ya wuce shi. Inji mai sanyaya da iska, mai kaburata, tsakanin 125 da 200, wanda ke da abin tayarwa na ƙafa ko da batir ya mutu, shi ne abokin ɗan kasuwa. Kuma ka hau ka gani: idan ƙafarka ba ta taɓa ƙasa sosai ba alhali babu kaya, da buhu biyu a baya faɗuwa za ka yi.

Yanzu ga maganar da ta fi duka nauyi. Kowa ya san halin da ƙasa take ciki, ya kuma san cewa masu ɗauke da makamai da babur suke yawo. A 2022 gwamnati ta dakatar da shigo da babura samfurin Aloba, Sanili da Fortune da makamantansu, da kuma sayar da su, aka kuma hana hawansu a wasu yankuna. A Nijar an hana hawa babur a jihar Diffa a 2015, a Tillabéri kuma a farkon 2020. Irin waɗannan dokoki suna canzawa daga yanki zuwa yanki, daga wata zuwa wata, har da dokar hana fita da dare da ta ɗaukar mai a jarka. Babur ɗin da ya fi dacewa da daji shi ne kuma wanda ido ya fi tsayawa a kansa. Saboda haka kada kowa ya saya, kada kuma ya kama hanya, sai ya tambayi abin da doka ta ce a yau game da samfurin da kuma yankin. Hanyar da aka ce kada a bi, kada a bi ta, ko da an ce wake ya faɗi ƙasa warwas a can. Idan aka tsayar da kai a shinge, rage gudu tun daga nesa, kashe inji, cire rawani ko takunkumi daga fuska, hannuwanka su kasance a fili.

Daga nan sai takardu, wanda shi ne aikinmu na kullum. Mun san babur ya fi arha a wajen Cinkansé. Amma arha ba ta ado. Babur da ba a biya masa duwan ba, ba zai sami kartigiris ba, wanda ba shi da kartigiris kuwa ba naka ba ne, aro ne har ranar da za a karɓe. Ku nemi rasit na saye, takardar duwan, kartigiris da sunanku, lamba, da inshora. Ku sunkuya ku karanta lambar da ke jikin firam da ta inji, ku gwada da abin da ke takarda harafi bayan harafi. Idan na hannu ne kuma kuka ga alamar an goge lamba an sake bugawa, ku tashi ku bar wurin. Masu ƙetare iyaka sun saba da katin inshora na CEDEAO, wanda ake ce wa Carte brune. Tun da ƙasarmu ta fita daga CEDEAO a watan Janairu na 2025, muna roƙon kowa ya zo ofis ko ya tambayi mai inshorarsa abin da ake karɓa a iyakar da zai bi, kafin ya isa can a tsayar da shi. Ku ɗauki hoton kowace takarda a waya, ku bar kofi ɗaya a gida, ɗaya a wurinmu.

Sai shirya babur. Taya ita ce farko. Mai manyan haƙora tana kama yashi da taɓo, amma a kwalta tana saurin cinyewa, kuma idan aka yi ruwa tana santsi. Mai matsakaitan haƙora ita ta dace da mu. A yashi a ɗan rage iska, da an hau kwalta a mayar, don taya mai ƙarancin iska da nauyin kaya zafi take yi ta fashe. A sa faranti na ƙarfe a ƙarƙashin inji, a sa kariya a gaban hannuwa, don faɗuwa ɗaya tana karya hannun kulochi, mutum ya kwana a daji. Wurin ɗora kaya a sa maƙeri ya ɗaure shi a jikin firam, kada ya miƙa baya da yawa. Nauyi idan ya koma bayan ƙafar baya, ƙafar gaba takan yi sauƙi, kan babur ya riƙa rawa. Ku tuna da mangala: a raba kaya biyu daidai, mai nauyi a ƙasa kuma kusa da direba, mara nauyi a sama.

A cikin jaka kada a rasa tib, faci da gam, famfo, ƙarafan cire taya, buji, mahaɗin sarƙa, wayar kulochi, sifana, tocila da ruwan sha. Duka ba su kai nauyin tiya biyu ta gero ba. Lokacin hunturu, daga Disamba zuwa Fabrairu, ƙura ce ke kashe inji, don haka a riƙa wanke matatar iska, a canza baƙin mai tun kafin lokacin da littafi ya faɗa. Fetur ɗin kwalba na bakin hanya a tace shi da ƙyalle mai tsabta. Sarƙa kada a ɗaure ta tamau, a bar mata sassauci kamar yatsu biyu. Da damina kuwa, idan ka iske ruwa ya haye hanya, sauka ka auna da sanda. Idan ya kai inda inji ke shaƙar iska, ko yana jan ƙafarka, zauna ka jira. Ruwan kwari yakan janye cikin 'yan sa'o'i.

Mun bar hular kwano, kaski, a ƙarshe da gangan. Mun san uzurin, zafin Maris da Afrilu, da kuma hula ko rawani. Tun 2005 doka ta ce a haɗa wa mai saye kaski tare da babur, amma ku leƙa gidajenmu ku ga inda suke rataye. Hukumar Lafiya ta Duniya ta daɗe tana faɗin cewa kaski mai kyau, idan an ɗaure igiyarsa, yana rage haɗarin mutuwa da kusan kashi 40 cikin 100, mummunan rauni a kai kuma da kusan kashi 70. Bara mun je duba wani matashi daga cikinmu a asibiti. Akuya ce ta gitta masa, ba gudu yake yi ba. Ƙafarsa ta warke, amma har yau maganarsa ba ta dawo daidai ba, mahaifinsa ne ya koma zaman shago. Kaskinsa yana ɗaure a bayan babur lokacin da ya faɗi. Ku haɗa da takalmi mai rufe idon sawu da safar hannu. Silifa ba takalmin tafiya ba ne.

Saboda wannan duka, ofishinmu yana kawo wa taro shawara uku, Shugaba ya sa a tattauna. Na ɗaya, kada asusu ya ƙara ba da rancen sayen babur sai an kawo takardun an gwada lambobi, an kuma nuna kaski. Na biyu, mu ware littafi da za a rubuta samfuri da lambar babur ɗin kowane memba, don idan an sace ko an riƙe mu sami abin nunawa. Na uku, duk mai fita ya sanar da wani hanyar da zai bi da lokacin da yake sa ran isa, kuma kada a yi tafiyar dare. Mun san wasu za su ce an tsananta. Muna roƙon iyayenmu su sa baki, domin yaran nan maganarku suka fi ji.

Ofis a buɗe yake kullum bayan la'asar. Wanda ke shirin saye ya zo da takardun tun kafin ya biya, mu duba tare. Idan mun yi kuskure a cikin wannan magana, makanikai suna nan zaune, su gyara mana. Allah ya kiyaye hanya, ya sa albarka a nema.