Jawabi a kan Gandun Dajin Yankari da Itatuwan Bakin Kogin Gaji

Ga abin da ya kamata a tuna game da wani aiki na En'e ta Bauci wanda har yanzu ake cin moriyarsa.

A cikin 1957 aka yanki dajin Yankari aka mai da shi gandun daji na En'e ta Bauci. Ran 1 ga Disamba 1962 aka buɗe shi ga masu ziyara. A 1991 Gwamnatin Tarayya ta karɓe shi, sa'an nan a 2006 ya komo hannun Jihar Bauci. Faɗinsa murabba'in kilomita 2,244 ne.

Ran wannan daji kuwa Kogin Gaji ne, wanda ruwan ɗumi na Wikki ke kwarara cikinsa. A bakinsa akwai maɗaci da ɗinya da tsamiya da maje da giginya, cikin fadama kuma ga giyayya. Can kan tudu sai kawo da doka da taura da madobiya. Idan rani ya tsananta, tudu ya bushe, sai giwaye da ɓauna da gwanki su gangaro kwarin Gaji neman ruwa da inuwa da ɗanyen ganye. Saiwoyin itatuwan nan su ke riƙe da gaɓar kogi, kada ambaliya ta zaizaye ta. Giwa kuma takan ci 'ya'yan giginya da na tsamiya ta kai irinsu nesa cikin kashinta. Wato itace na ciyar da dabba, dabba na shuka itace.

Amma fa akwai abin tsoro. Masu saran katako sun far wa madobiya a ƙasashen Afirka ta Yamma domin kasuwar Sin, har a 2017 dokar duniya ta ƙuntata cinikinta. Gobarar daji ta tsakiyar rani tana kashe ƙananan itatuwa, kiwo cikin gandu kuma yana hana sababbi tasowa. Maɗacin da gatari ya kayar da hantsi, sai jikokin mai saran ne za su ga madadinsa.

Yau babu En'e, ƙananan hukumomi sun gaje ta, amma amanar tana nan wuyan hakimai da dagatai da masu gadin daji. Wajibi ne su san iyakar gandu, su sanar da talakawa, su kuma kai ƙarar mai ɓarna ko da ɗan'uwa ne. Allah ya taimake su a kan riƙon amana, amin.