Jawabi: Saya Wa Yaro Madubin Hangen Nesa



Da kuskurena zan fara. Na taɓa saya wa ɗana madubin hangen nesa don kawai an rubuta a kwalinsa wai yana ƙara girman abu sau 500. Ashe ƙafarsa rawa take yi, wata ya ƙi tsayawa wuri ɗaya. Yaro ya jingine shi, na shekara ina lallashinsa.

To, ga abin da na koya. Ku dubi faɗin gilashin, domin shi ke tara haske. Milimita 70 ta ishi yaro. Sannan ku girgiza ƙafar kafin ku biya kuɗi. A 1610 Galileo ya hango watanni 4 na Mushtari da madubin da bai kai wannan ba.

Ku fara masa da wata ɗan kwana bakwai, lokacin da inuwa ke fito da ramukansa, a daren da babu hazo. Rana kuwa, kada ya kuskura ya dube ta da shi, tana iya makantar da shi nan take.