Katanga Ko Shuka: Jawabi Kan Zaizayar Ƙasa a Yankin Bompai



An nemi mu yi tsokaci a kan tambayar da ke gaban wannan ƙungiya: shin mu zuba kuɗin asusunmu wajen gina katangar tare ƙasa a bakin kwari, ko kuwa akwai hanya mafi sauƙi?

Duk wanda ya san rafin Getsi, mai kwashe ruwan masana'antun Bompai zuwa kogin Jakara, ya san yadda ruwan watan Agusta ke cin gaɓa. Kwarin Bulbula da Gayawa kuwa, a ƙananan hukumomin Nassarawa da Ungogo, ya ishe mu ishara, domin ya ci gidaje har ya fi ƙarfin mutanen unguwa.

Amfanin katangar kankare a fili yake: tana riƙe ƙasa nan take, ba ta cin wuri, kuma tana daɗewa. Sai dai siminti da rodi da ladan injiniya ba ƙaramin kuɗi ba ne. Abin da ke kayar da katanga kuwa shi ne ruwan da ke taruwa a bayanta. Idan ba a zurfafa harsashi ba, ba a zuba tsakuwa a baya ba, ba a kuma bar kafofin fitar ruwa ba, to, an gina wa damina abin rushewa. Da muguwar rawa gwamma ƙin tashi.

Duwatsun da ake ɗurawa a ragar waya sun fi araha, ruwa yana ratsa su, amma wayar kan yi tsatsa a gurɓataccen ruwa irin namu. Ciyawar jema ta fi kowanne sauƙi, saiwarta tana nutsawa ta ɗaure ƙasa, sai dai tana bukatar lokaci da tsaro daga dabbobi.

Shawararmu ita ce a auna kuɗin aikin da darajar abin da za a rasa. Inda gida ko makaranta ko hanya ke bakin rami, a gina katanga ƙarƙashin kulawar injiniya. Inda gangaren ke da fili, a kwantar da shi a dasa jema. Kafin duka wannan, a yashe magudanai, a hana ɗibar yashi a gindin gaɓa, domin waɗannan ba su bukatar kwangila.

Allah Ya yi mana jagora.