Dillancin Ƙirƙira: Sana'ar Da Ke Jiran 'Ya'yan Sabo



Batun da ya tara jama'a yau wata sana'a ce wadda sunanta baƙo ne, amma aikinta ba baƙo ba ne ga duk wanda ya tashi a Sabon Badun, ko Agege, ko Shagamu. Sana'ar kuwa ita ce dillancin ƙirƙira, watau shiga tsakanin mutumin da ya ƙago wani sabon abu da kuma mai jarin da zai iya ƙera abin nan da yawa ya kai shi kasuwa.

Dattawan da ke zaune a nan sun san yadda ake cinikin shanu a Kurmi tun zamanin da ake koro su a ƙasa. Falke ya iso da garke, bai san mahautan gari ba, su ma ba su san shi ba, ga shi kuma ciniki bashi ne. Sai ya sauka gidan maigida, maigida ya haɗa shi da dillali. Dillalin nan ya san mahaucin da ke biya da wanda ke taurin bashi, ya san farashin yau, in an sallama ya karɓi la'adarsa. Wani malamin jami'a daga Ingila, Abner Cohen, ya zauna a Sabon Badun ya yi nazarin wannan tsari, har ya buga littafi a kansa a 1969. Abin da ya fi jan hankalinsa shi ne yadda dukiya mai yawa ke sauya hannu bisa amana da sanin halin mutane. To, wannan sani shi ne rabin sana'ar da ake magana. Ɗaya rabin kuwa doka ce, ita ce kuma ba a koya a kara.

Sa ana ganinsa, ana taɓa tozonsa. Dabara kuwa da zarar an faɗe ta ta zama ta kowa. Saboda haka hukuma ke ba wanda ya ƙago abu takardar mallaka, wadda ke hana wani ƙera abin ko sayar da shi ba da izninsa ba. A Nijeriya dokar da ke kula da wannan an kafa ta ne a 1970, kuma takardar tana aiki shekara 20 daga ranar da aka shigar da buƙata, muddin ana biyan kuɗin shekara shekara. Akwai abubuwa biyu a cikin dokar da ya kamata kowa ya riƙe. Na farko, wanda ya riga kai takarda ofishin rajista shi doka ke fara ɗauka mai abu. Na biyu, ofishin yana duba cikar takardu ne kawai, ba ya binciken ko dabarar sabuwa ce da gaske. In gardama ta taso, sai kotu. Mai takardar yana iya sayar da ita ɗungurungum, ko kuwa ya ba wani kamfani lasisi, watau iznin ƙerawa, yana karɓar kaso daga ciniki. Tsara wannan lasisi shi ne ainihin aikin dillalin ƙirƙira.

Misali biyu za su nuna nauyin aikin, ɗaya daga Amurka, ɗaya daga gida.

A 1970 wani injiniya mai suna Niels Reimers ya kafa ofishin ba da lasisi a Jami'ar Stanford ta Amurka. A 1974 yana karanta jarida sai ya ga labarin wasu masana biyu, Stanley Cohen na Stanford da Herbert Boyer na Jami'ar Kalifoniya, waɗanda suka gano hanyar yanko ƙwayar gado daga wata halitta a dasa ta a jikin wata. Reimers bai ƙago kome ba a cikin wannan aiki, amma ya hango kuɗin da ke ciki tun masu aikin ba su hango ba. Da fari ma Cohen bai yi na'am da a nemi takardar mallaka ba, sai da aka lallashe shi. Ga kuma lokaci ya ƙure, domin sun riga sun buga sakamakon aikinsu a watan Nuwamba na 1973, dokar Amurka kuwa shekara guda take ba mutum bayan ya bayyana dabararsa. Aka shigar da takarda a Nuwamban 1974, ana saura 'yan kwanaki ƙofa ta rufe. A ƙasashen Turai kuwa, inda babu wannan rangwame, dama ta riga ta wuce.

Da takarda ta fito a 1980, sai Reimers ya yanke shawarar da har yau ake karantarwa. Bai damƙa dabarar ga kamfani guda ba. Ya buɗe ƙofa ga duk mai so, a kan dala 10,000 kowace shekara da ɗan kaso kaɗan daga ciniki, farashin da ya fi kuɗin shari'a sauƙi, don kada kowa ya ga ribar yin gardama. Kafin wa'adin takardar ya cika a 1997, kamfanoni 468 sun karɓi lasisi, jami'o'in biyu kuwa sun sami wajen dala miliyan 255. Sinadarin insulin da masu ciwon sukari ke amfani da shi yana cikin abubuwan da aka ƙera ta wannan hanya.

Yanzu sai a dawo gida. An ƙiyasta cewa jarirai wajen 150,000 ake haifa kowace shekara a Nijeriya da ciwon amosanin jini, wanda ake kira sikila. Wani limamin kirista mai maganin gargajiya a ƙasar Oyo, Paul Ogunyale, yana da wani haɗi da yake ba masu wannan ciwo. Cibiyar binciken magunguna ta Gwamnatin Tarayya da ke Abuja, a ƙarƙashin Farfesa Charles Wambebe, ta ƙulla yarjejeniya da shi, ta ɗauki haɗin ta yi masa gwaji irin na kimiyya, aka sa masa suna Niprisan. Kayan haɗin ba baƙi ba ne a kasuwar Kurmi ta Kano: masoro, da kanumfari, da ganyen dawa, da wani itace da Yarabawa ke kira osun. A 1998 aka sami takardar mallaka a Amurka, kuma an sa sunan Ogunyale cikin waɗanda suka ƙago maganin. Wannan abin yabo ne, domin sau da yawa mai ilmin gargajiya ko godiya ba ya samu.

A 2002 aka ba wani ƙaramin kamfanin Amurka, Xechem, lasisin ƙera maganin shi kaɗai. A watan Yuli na 2006 Shugaba Olusegun Obasanjo ya ƙaddamar da shi da sunan Nicosan. Shekara biyu bayan haka, a 2008, uwar kamfanin ta faɗa cikin fatarar kuɗi, a 2009 gwamnati ta janye lasisin. Magani ya yi wuyar samu, iyayen da suka fara ganin sauƙi a jikin 'ya'yansu suka shiga yawon nema. Sai a 2018 aka ƙulla sabuwar yarjejeniya da kamfanin May & Baker na nan Ikko.

Kada a yi saurin cewa kuskure ne ba kamfani guda lasisi. A harkar magani haka aka saba, domin babu mai zuba miliyoyi wajen gina masana'anta alhali maƙwabcinsa zai ƙera abu ɗaya gobe. Amma in za a ɗora garke duka a hannun mahauci guda, wajibi ne a san ƙarfin aljihunsa, a kuma rubuta tun farko abin da zai faru in ya gaza: kwalba nawa zai ƙera a shekara, wata nawa za a jira shi, wa zai karɓi aikin in ya faɗi, a hannun wa sirrin haɗin zai zauna. Masana sun yi nasu aikin a ɗakin gwaji, magani kuwa bai canza ba tsakanin 2006 da 2009. Abin da ya karye ciniki ne, shekarun da suka salwanta kuma marasa lafiya ne suka biya su.

To, ina ake wannan aiki, kuma me ake karantawa?

A 1979 gwamnatin soja ta kafa wani ofishi da doka mai lamba 70 don ya riƙa duba yarjejeniyoyin da kamfanonin ƙasar nan ke yi da na waje wajen sayen fasaha. A 1992 aka sake masa suna, shi ne ake kira NOTAP. Wannan hukuma ta buɗe ofisoshin kula da mallakar fasaha a jami'o'i da kwalejojin fasaha da cibiyoyin bincike masu yawa, kowane ofishi kuwa yana bukatar mutumin da zai iya zama da malamin kimiyya da safe ya fahimci abin da ya gano, ya zauna da ɗan kasuwa da yamma ya faɗa masa abin da zai samu. Akwai kuma ofisoshin lauyoyi a Ikko da Abuja masu shigar da takardun mallaka, da kamfanonin magani da na abinci da na sadarwa masu sayen lasisi. Hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da mallakar fasaha, wadda hedkwatarta ke Janeba, ta buɗe ofishi a Abuja a 2020, tana kuma ba da darasin share fage kyauta ta intanet.

Ƙofar shiga biyu ce. Wanda ya karanta shari'a sai ya ƙara da sanin kimiyya gwargwadon da zai gane abin da yake sayarwa. Wanda ya karanta injiniya ko haɗa magunguna ko aikin gona sai ya koyi dokar kwangila da lissafin ciniki. Ta biyun nan ta fi ƙarancin mutane. Sai dai a faɗi gaskiya, sana'ar ba ta mai gaggawa ba ce. Yawancin takardun mallaka a ko'ina cikin duniya ba sa kawo ko kuɗin da aka kashe wajen samunsu, wadda ta yi albarka kuwa takan ɗauki shekaru kafin kwabo ya shigo. Saboda haka mai farawa ya fi dacewa ya shiga da albashi a jami'a ko kamfani, kada ya dogara ga la'ada.

Akwai gargaɗi kuma ga maƙera da masu walda da masu gyaran injuna da ke cikin wannan taro, waɗanda wasunsu sun sake fasalin injin niƙa ko na casa da hannunsu. Ɗaukar hoton sabon abu a watsa a Facebook kafin a kai takarda ofishin rajista yana iya kashe haƙƙin mai shi, domin doka ba ta ɗaukar abin da jama'a suka riga suka gani a matsayin sabo. Wanda kuma ya ƙago abu a bakin aikin da aka ɗauke shi dominsa, doka ta ba ubangidansa mallakar, sai dai ya nemi lada in abin ya yi daraja ta musamman. Duk mai irin wannan abu a shagonsa, ya rufe shi, ya rubuta yadda yake aiki da ranar da ya gama shi, sa'an nan ya nemi lauya ko ofishin mallakar fasaha na jami'ar da ta fi kusa da shi kafin ya nuna wa mai saye.