A Tambayi Masunta Kafin A Sa Hannu



Muna yara, masuntan Kogin Kaduna kan fito da tarwaɗa, da karfasa, da kurungu, har da giwan ruwa. Da masana'antu suka yawaita, ruwa ya sauya, amma ba mu riƙe lissafin abin da muka rasa ba.

A 1988 aka jibge guba daga Italiya a garin Koko. Bayan nan aka kafa Doka ta 86 ta 1992, wadda ta wajabta binciken muhalli kafin fara babban aiki. Tun 2004 akwai na'urar binciken nukiliya a Zariya, kuma Kogin Galma na can cikin namu yake zubowa. Duk ranar da aka nemi wurin adana sharar nukiliya a yankin nan, dole a ƙidaya irin kifayen da ke ruwa. To, wa zai tabbatar da ƙidayar?

Shekaruna na koyarwa ban taɓa barin ɗalibi ya ba kansa maki ba. Gaiwa takan shige laka da rani. Wanda ya jefa koma a watan Maris kaɗai zai rubuta cewa babu ita, kuma in ta ƙare gobe, ba mu da hujja.

Akan baje irin wannan rahoto kwana 21 na aiki domin jama'a. Ina roƙon ƙungiyarmu ta naɗa kwamiti, har da Sarkin Ruwa, su karanta, su tambaya: wane wata aka ƙidaya, a wace gaɓa, da wace irin koma?