Jirgin ƙasa ko mota? Tafiyar ganin teku daga Faru

Tambayar wannan makon daga wasu matasan Faru ta fito: sun haɗa kuɗi za su Badagry hutun sallah su ga teku, wai jirgin ƙasa ya fi ko mota? Ban ga laifinsu ba, mu da babban ruwanmu shi ne dam ɗin Bakolori.

To 'yan uwa, rabin zaɓin nan ba a hannunku yake ba. Layin dogo ya iso Ƙaura Namoda tun 1929, amma yau wa zai tsara tafiya da shi? Daga Talata Mafara zuwa Gusau, Tsafe, Funtua har Kaduna, mota ce dole. Kun kuma san halin hanyar Tsafe. Ku fita da safe, kar ku yarda dare ya riske ku a kanta, ko da direba ya rantse muku lafiya lau take.

A tashar Rigasa zaɓi ke farawa. Ni dai jirgi zan hau zuwa Idu a Abuja, ba don na manta da harin 28 ga Maris 2022 ba, sai don jiki ya huta. Ku sayi tikiti tun da wuri. Daga Abuja mota ce kuma har Ibadan, sannan jirgin Moniya zuwa Ebute Metta, wanda aka buɗe a 2021, ya raba ku da cunkoson shiga Legas.

Amma fa kar ku sa ran hango teku ta taga, daji da gonaki za ku gani. Teku sai kun sake hawa mota zuwa Badagry, kun shiga kwale-kwale kun tsallaka Gberefu, inda aka riƙa loda bayi a jiragen ruwa.